Hasumiyar fitilar Jamestown: wa aka kunna wa hasken?

Baban Sadik, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manya da ƙanana. A hutun makaranta da ya wuce na ɗauki iyalina, wato maiɗakina da yaranmu uku, muka tafi Akra ta ƙasar Gana domin gaishe da ƙanwar mahaifina, wadda aure ya kai ta unguwar Nima tun ina ɗan firamare. Ta mota muka bi, daga Zariya zuwa Legas, sannan Seme, Kwatano, Lome, muka shiga Gana ta Aflawo. Abin da ya kawo ni gabanku tambaya ce da ɗana ya yi mini a ƙolin wata hasumiya, wadda har yau zuciyata ba ta kwanta da amsar da na ba shi ba.

Kwana uku da saukarmu ɗan gwaggon tawa ya kai mu tsohuwar unguwar Jamestown da ke bakin teku, inda 'yan ƙabilar Ga suke sana'ar su tun kaka da kakanni. A nan hasumiyar fitilar take, doguwa, an yi mata fenti ja da fari gaɓa-gaɓa, tsawonta mita 28. Turawan Ingila ne suka fara gina irinta a wurin a 1871, wadda ke tsaye yanzu kuma an gina ta a shekarun 1930 a madadin ta farkon. Muka ba mai kula da wurin abin da ya nema, muka kama hawa ta wata matsattsiyar matakala mai murɗewa kamar gidan dodon koɗi. Maiɗakina ta tsaya a tsakiya da autarmu saboda jiri, ni da manyan biyu muka ƙarasa. Ku tuna cewa yaran nan ruwa mafi girma da suka taɓa gani shi ne Galma idan ta cika da damina. Da muka fito barandar sama iska ta buge mu, suka ga ruwa ya tafi har ya haɗe da sama babu gaɓa a ɗaya gefen, sai duka biyun suka yi tsit suka riƙe mini riga. A ƙasa ga jiragen masunta birjik, kowanne da tutarsa da rubutun da ke jikinsa, ga hayaƙin mata masu ƙyafe kifi, ga kuma tsohon sansanin Turawa da ake kira James Fort dab da mu, wanda ya daɗe yana zaman gidan kurkuku.

Can sai Sadik, mai shekara 11, ya ce, "Baba, wa aka kunna wa wannan fitilar, masuntan nan ko Turawa?" Na ce masa an kunna ta ne domin kowane jirgi ya gane gari da dare kada ya faɗa kan duwatsu. Ɗan gwaggona ya ce a'a, a gaya wa yaro gaskiya, an kunna ta ne domin jiragen da suka zo kwasar dukiyar baƙar fata su san inda za su tsaya. Muka sauko muna wannan musun, yaron yana kallonmu. Shi ne nake so masana da dattawan zauren nan su faɗa mini abin da ya kamata uba ya gaya wa ɗansa a irin wannan wuri.

Ɗan Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Barka da dawowa, Yaya, Allah ya huta gajiya. Ni dai ina tare da ɗan gwaggonka ɗari bisa ɗari. Masunci da ya tashi a bakin wannan ruwa ya san kowane dutse da ke cikinsa tun kafin Bature ya zo, ba ya bukatar wani ya kunna masa fitila kafin ya gane gidansu. Baƙo ne ke neman alama, kuma baƙon nan mun san abin da ya zo ɗauka. Hasken nan shi ya yi wa jiragen bayi jagora suka kwashe kakanninmu, saboda haka ban ga abin burgewa a cikinsa ba, balle a biya kuɗi a hau. Kuma ka gafarce ni, Yaya, da za a tambayi Sadik ƙofofin Zariya nawa ne, ko a ce ya nuna Kufena daga Turunku, zai iya? Mu fara kai yaranmu su san nasu kafin mu ƙetare ƙasa uku mu nuna musu abin da masu mulkin mallaka suka bari.

Malamin Tarihi, Kongo:
Ɗan'uwa na Sabon Gari, zafin da kake ji yana da tushe, amma akwai wurin da shekaru suka harɗe maka, kuma idan za mu koyar da yaro dole mu warware su. Sansanin da Baban Sadik ya gani kusa da hasumiyar shi ne ke da hannu a cinikin bayi. Kamfanin Ingila mai fataucin zinariya da mutane ya gina shi a wajajen 1673, kuma ɗan gaba kaɗan akwai na mutanen Holan da aka gina a 1649, wanda yanzu ake kira Ussher Fort. Birtaniya ta haramta wa jiragenta safarar bayi a 1807, fitilar farko kuwa sai a 1871 aka kafa ta, wato shekara 64 bayan haka. Don haka kuskure ne a ce wa yaro wannan hasumiya ta haska wa jiragen bayi hanya.

Sai dai wannan gyara bai wanke ta daga mulkin mallaka ba. A 1877 Turawa suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast suka mai da ita Akra, kuma garin ba shi da mashigar ruwa mai zurfi da babban jirgi zai raɓa. Jirgi yakan hango fitilar ya kafa anga can nesa, to ganin Dala ba shiga birni ba ne, sai an fito da ƙananan jiragen filafili, ƙarti suna tuƙawa suna karo da igiyar ruwa, su ɗauko kaya da fasinja, su kai buhunan koko. Zuwa 1911 ƙasar ta zama ta farko a duniya wajen fitar da kokon da ake yin cakulan da shi, kuma kaso mai yawa ta irin wannan wahala ya bar gaɓa. Da aka buɗe tashar Takoradi a 1928, daga baya kuma ta Tema a 1962, sai manyan jirage suka bar Jamestown ga masunta. Wanda ya ce an gina fitilar domin cinikin Bature bai yi ƙarya ba, matuƙar ya faɗi wane ciniki ne kuma a wane zamani.

Maman Hanifa, Gyallesu:
Ni tambayata ta koma baya kaɗan, ku yi haƙuri da ni, domin yarana suna nan kusa ina karanta musu. Wace irin fitila ce za a kunna a kan gini mai tsawon mita 28 har mutumin da ke tsakiyar teku ya gan ta? Wuta ake hurawa a sama ko kuwa lantarki ne? Kuma idan gari duka ya kunna fitilu da dare, ta yaya matuƙi zai bambance wannan daga sauran?

Malamin Kimiyya, Samaru:
Hajiya, tambayarki ita ce ta buɗe ainihin aikin. A zamanin da can, wuta ake hurawa da itace ko gawayi, daga baya aka koma fitilar mai, yanzu kuma lantarki. Amma ƙarfin wutar kaɗai ba ya isar da haske nesa, domin fitila a buɗe haskenta watsewa yake yi ta ko'ina, wani ya tafi sama wani ya faɗi ƙasa. Wani masani Bafaranshe mai suna Augustin Fresnel ne ya shirya gilashi mai zobe-zobe, kowane zobe an yanka shi da irin karkatar da za ta tanƙwaro hasken da zai ɓace ta mayar da shi hanya ɗaya, sai ya fita a dunƙule kamar sanda a kwance a kan ruwa. An fara aiki da shi a hasumiyar Cordouan ta Faransa a 1823, kuma daga nan ya bazu a gaɓar tekunan duniya.

Tsawon ginin kuwa saboda duniya a dunƙule take. Mutumin da ke tsaye a bakin ruwa ba ya ganin abin da ya wuce kimanin kilomita 5, daga nan ruwan ya lanƙwasa ya ɓoye abin da ke bayansa. Fitilar Jamestown tana kan tudu, saboda haka ta haura mita 30 daga fuskar teku, kuma daga wannan tsawo ana kaiwa kilomita 20 da ɗoriya. Idan aka haɗa da tsawon wurin da matuƙin yake tsaye a cikin jirginsa, sai a samu mil 16 na teku da ake lissafa mata, wato kusan kilomita 30, domin mil ɗaya na teku mita 1,852 ne. Mu kwatanta da mai tahowa Zariya: yana hango kan Kufena tun kafin ya ga ko da soro ɗaya na gari.

Game da bambancewa, kowace hasumiya tana da salon ƙiftawarta. Wata ta walƙa sau biyu ta huta, wata sau huɗu, kowacce da adadin daƙiƙoƙinta, kuma duk an rubuta su a taswirar matuƙa. Mutum ya ƙirga walƙiyar da agogo a hannu, ya duba takarda, ya san gaban wane gari yake. Jan fenti da farin da Baban Sadik ya gani shi ne alamar rana, lokacin da fitila ba ta da amfani. Kuma hasken ba ya zaɓar ido, masuncin da hadari ya rutsa da shi da dare ya ɓata masa taurari shi ma yana ganinsa.

Dattijon Ƙofar Doka:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne yake rubuta mini wannan, ni ina faɗa. Na ji ana ta ambaton Bature da masunci, an manta da mutum na uku, wanda kuma shi ne namu. Mu da muka taso mun ji iyayenmu suna kiran garin nan Ankara, kuma ba a takarda suka san shi ba. Kakana bafatake ne, goro yake ɗaukowa. A zamanin ubansa da ƙafa ake zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, ayari guda da madugu da jagaba da jakuna, a ɗauki kanwa da tufafin rini da fatu, a ratsa Nupe ko Borgu, a yi wata da watanni kafin a kai kasuwar Salaga. A dawo da huhunan goro ana kwance su a kowane zango, ana yayyafa ruwa, ana sauya ganye, ana tsince wanda ya ruɓe. Mutum ya bar matarsa da ciki ya dawo ya tarar da ɗa yana rarrafe, idan Allah ya sa ya dawo ke nan.

To da Turawa suka ci masarautar Asante ta Kumasi a 1874 kasuwar Salaga ta fara rauni, yaƙin gida na 1892 kuma ya watsa ta. Fatake ba su bar goro ba, hanya suka sauya. Suka gangara kudu, suka kafa zango a Kumasi da Ankara da sauran garuruwan gaɓa, suka riƙa loda goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, wato Legas. Da dogo ya ratso Zariya ya kai Kano a 1911, aka haɗe shi da na Ikko, sai goron da yake cin watanni a bayan jaki ya riƙa isowa tashar Sabon Gari ganyensa bai gama bushewa ba. Kakana ya yi wannan tafiya ta ruwa ba sau ɗaya ba. Yakan ba mu labarin yadda ake ɗora su a ƙaramin jirgi da huhunansu, igiyar ruwa tana ɗaga su tana sauke su, shi yana rungume da kayansa yana salati, har a kai su gindin babban jirgi. Ya ce idan sun taho daga Ikko da dare, fitilar nan ce ke gaya musu an iso, sai ka ji Hausawan da ke kwance a dandamalin jirgi sun tashi suna hamdala.

Saboda haka, Baban Sadik, ka gaya wa yaronka cewa ba don kakanninsa aka gina ta ba, amma sun ci moriyarta. Goron da aka raba a ɗaurin auren kakanninku a cikin birnin nan, wani daga cikinsa a ƙarƙashin wannan haske aka loda shi. Unguwar Nima da ka sauka da Sabon Zango da ke garin ba daga sama suka faɗo ba.

Ɗan Sabon Gari:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Wallahi ban taɓa jin wannan ba, kuma na karɓi gyaran Malam game da shekarun bayi, na yi kuskure a nan. Amma Baba, da izininka, jirgin da kakanka ya hau na wane ne? Na kamfanin Bature ne, shi ya yanka kuɗin fito, shi ya kwashe riba mafi tsoka. Dogon da ya kawo goro Sabon Gari ba don goro aka shimfiɗa shi ba, don auduga da gyaɗa da kuzar Jos aka yi shi, su gangara teku. Mu raɓawa muka yi. Tsorona shi ne yaro ya hau wannan gini ya ga kyansa ya sauko yana ganin Bature ya zo yi mana alheri ne.

Malamin Tarihi, Kongo:
Ai maganarka da ta Baba ba su yi karo ba. Niyyar mai gini daban, abin da mutane suka yi da ginin daban, kuma yaro ɗan shekara 11 yana iya riƙe duka biyun idan aka faɗa masa a fili. Raɓawar da ka raina ita ce ta kafa attajiran goro a Kano da Zariya da Legas, waɗanda suka karanci sabuwar hanya da wuri suka shige ta da jarinsu, ba tare da wani ya gayyace su ba. Akwai ma wani ɓangare mai nauyi da ya shafe mu: a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 Turawa sun kawo sojojin Hausawa daga Legas sun yi musu yaƙi, kuma wasu daga cikinsu a can suka zauna suka hayayyafa. Ke nan a gaɓar nan an sauke Bahaushe ɗan kasuwa, an kuma sauke Bahaushe mai ɗauke da bindigar Bature.

Sannan tsoron da kake ji, maganinsa yana nan ƙasan hasumiyar. A cikin James Fort aka tsare Kwame Nkrumah, jagoran neman 'yancin Gana, a 1950, yana ciki ya ci zaɓe a watan Fabrairu na 1951, dole Turawa suka buɗe masa ƙofa, kuma ranar 6 ga Maris 1957 ƙasar ta samu 'yanci. Uban da ya hau da ɗansa yana iya nuna masa gidan da yatsa daga sama ya ba shi wannan labari, yaron ba zai sauko yana yabon mulkin mallaka ba.

Malama, Wusasa:
Ina bin zancen tun farko, kuma akwai abin da nake ganin muna kewaye shi. Muna cewa "an kwashe kakanninmu" kamar duk laifin daga teku ya fito. Masarautun ƙasar Hausa, har da tamu ta Zazzau, sun kai harin bayi, an kuma sayar da mutane a kasuwanninmu, kuma Salagar da Baba ya ambata ba goro kaɗai ake ciniki a cikinta ba. A wani ɓangaren kuma an kama Hausawa da yawa an ƙetara da su Barazil, har suka ƙulla bore a Bahiya a 1807 aka tona shi, suka kuma yi wani a 1814. A 1836 wani rukuni na 'yantattun bayi ya dawo daga Barazil ya sauka a Akra, da yawansu Musulmi ne, ana kiran zuriyarsu Tabom, kuma gidansu na tarihi yana cikin tsohon garin nan, tafiyar ƙafa daga hasumiyar. Ni malamar firamare ce, na san yara suna gane lokacin da babba ya yanke musu rabin labari. Wasu za su ce a bar kaza cikin gashinta, amma idan mun tsaya gaban wancan sansani da yaro, gara ya ji daga bakinmu cewa a cikin namu akwai wanda aka sayar, akwai kuma wanda ya sayar.

Dattijon Ƙofar Doka:
Gaskiya kika faɗa, 'yata, ko da ɗaci. A gidajen birnin nan tsofaffi sun san wannan, sai dai ba a cika faɗa a gaban yara ba.

Alaramma, Ƙofar Gayan:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Abin da zan ƙara shi ne kada mu bar yara da zaton cewa kunna wuta a kan dogon gini domin matafiyin teku dabarar Turawan Ingila ce. Hasumiyar Iskandariya ta ƙasar Masar an gina ta tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, tsawonta ya haura mita 100, kuma ta yi ɗaruruwan shekaru tana aiki a hannun Musulmi suna gyara ta. Girgizar ƙasa ce ta yi ta cin ta, musamman ta 1303 da ta 1323. Matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya gan ta a 1326 gefe guda ya zube, da ya sake komawa a 1349 ya tarar ko ƙofarta ba ta shiguwa. Daga baya Sarkin Masar Ƙaitbai ya gina sansaninsa a kan harsashinta wajen 1477, yana nan har yau. Larabawa suna ce wa irin wannan gini manara, wato wurin haske, kuma da wannan kalma ake kiran hasumiyar masallaci, irin ta Gobarau da ke Katsina. A Suratun Nahli, aya ta 16, Allah ya ambaci alamomin hanya da taurari cikin ni'imomin da mutane ke shiryuwa da su. Mai tsaron fitila da ya hana idonsa barci domin kada wasu da bai sani ba su halaka, ko wa ya ɗauke shi aiki, aikin ceton rai yake yi, kuma wannan ma ya cancanci a gaya wa Sadik.

Hajiya ta Hanwa:
Mun ƙaru ƙwarai. Baban Sadik, ina da 'yar'uwa a Kumasi, muna shirin zuwa da jikoki bayan Sallah, kuma yanzu na ƙudurta sai mun gangara mun ga wurin nan. Ka faɗa mana abin da za mu kiyaye, musamman da yake yaran ƙanana ne.

Baban Sadik, Tudun Wada:
Hajiya, Allah ya kai mu. Ku tanadi fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS ga kowane yaro, da katin rigakafin shawara, domin ana tambayarsa a kan iyaka. Agogon Gana yana bayan namu da awa ɗaya, ku lura da shi saboda lokutan salla. Matakalar matsattsiya ce kuma tana da tsayi, yaro ƙasa da shekara 6 gara ya tsaya a ƙasa da wani babba, wanda ya hau kuma a riƙe hannunsa a baranda domin iskar tana da ƙarfi. Ku je da safe kafin rana ta yi zafi. Ranar Talata masunta ba sa fita teku bisa al'adarsu, saboda haka idan kuna so yara su ga ana jawo taru ana sauke kifi ku zaɓi wata rana. Kada ku ɗauki hoton mutane sai kun nemi izini, kuma kada ku bar yaro ya shiga ruwan, igiyarsa tana ja da ƙarfi ko a wurin da bai kai gwiwa ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne tarin leda da robobi a bakin gaɓar, har na hana yara cire takalmi. Abinci kuwa ba za ku yi baƙunta ba, akwai koko da ƙosai da safe, akwai wake da shinkafa da suke kira wace, akwai tuwon zafi, kuma a Nima da Hausa za ku yi cefane.

Ga ƙanena na Sabon Gari, maganarka ta ƙofofi ta taɓa ni. Na tambayi Sadik jiya, ya kawo Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, daga nan ya tsaya. Bai taɓa shiga ya ɗaga kai ya kalli bakan gizon da shahararren maginin nan Babban Gwani ya ɗaure a tsohon Masallacin Juma'a ba, kuma wannan gyara a wuyana yake.

Ɗan Sabon Gari:
Yaya, ni ma da na zauna na ƙirga sai da na nemi taimako kafin na cika su. Abin da ke damuna shi ne hasumiyar can ana yi mata fenti ana karɓar baƙi, ganuwarmu kuwa ana ɗibar ƙasarta ana yin bulo, wani wurin ma an yi gini a kanta. Har yanzu ina kan ra'ayina cewa da na gida ya kamata a fara, amma na janye cewa zuwa can ɓarnar kuɗi ne.

Baban Sadik, Tudun Wada:
Daren jiya bayan isha'i na zaunar da yaran na karanta musu abin da kuka rubuta, ban tsallake na Malama ba, ko da yake sai da na tsaya na yi bayani a hankali, kuma babbar 'yata ta yi shiru na tsawon lokaci bayan ta ji. Na ce wa Sadik amsar tambayarsa ita ce Turawa suka gina ta domin jiragen cinikinsu a lokacin da suke mulkin ƙasar, masunta suka amfana da ita a daren hadari, fataken goro na garinmu kuma suka yi ta wucewa a ƙarƙashinta suna neman halalinsu. Labarin Baba ne ya fi kama shi. Ya ɗauko taswirar makarantarsu ya sa yatsa a Akra, ya bi ruwa zuwa Legas, ya hau layin dogo har Zariya, sannan ya ce yana so a kai shi tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari ya ga daidai inda ake sauke huhunan. Na ce masa ni ban isa in nuna masa ba sai da wanda ya gani. Baba, ko za ka yarda mu zo mu ɗauke ka ranar Asabar?

Dattijon Ƙofar Doka:
Ku zo bayan la'asar, in sha Allahu ina gida. Ku biyo ta Ƙofar Doka domin yaran su fara ganin abin da ya rage na ganuwa a nan, sannan mu wuce tasha. Ɗana na Sabon Gari, kai ma ka same mu a can tunda unguwarku ce. Akwai tsohon ma'aunin kakana da wata fatar da yake rufe huhu da ita a ɗakina, zan sa a fito da su Sadik ya taɓa da hannunsa kafin mu tafi.